Sauke Mota Ƙasa da Sifirin: Me Ake Samu, Me Ake Rasawa a Titunan Gombe?

Rage wa mota tsayi yana ƙara mata riƙe titi ne, ko kuwa kashe mata ƙafa yake yi? Wannan gardama ta daɗe a garejin kanikawa da majalisun samari a Gombe, ta kuma ƙara zafi tun da bidiyoyin motocin da cikinsu ke neman shafar ƙasa suka cika TikTok da Facebook. Yanzu ba abin mamaki ba ne a jerin gwanon ɗaukar amarya ka hango wata Accord ko Corolla ta zauna daram a kan tayoyinta, babu ko tazarar yatsa biyu tsakanin taya da bodi. Masu yi suna cewa motar ta fi kyau, ta fi kama kwana, wasu ma har da cewa ta rage shan mai. Masu suka suna cewa ɓarnar kuɗi ce kawai da ƙuruciya.

Abin da ya hana gardamar ƙarewa shi ne, ba abu ɗaya ɓangarorin suke magana a kai ba. Wani yana nufin sifirin da kamfani ya ƙera musamman don wannan aiki, wani yana nufin sifirin da aka datse da giranda a bayan gareji, wani kuma motarsa tsufa ne ya zaunar da ita yana zaton ado ne.

Me wannan tazara take yi a jikin mota?

Abin da kanikawa ke kira ƙafar mota tarin kaya ne da ke tsakanin taya da bodi: sifirin, shokazoba, lowa-am, bol-join, tayarod da bushin-bushin na roba. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin motar, shi ne kuma ke yanke hukuncin tsayinta daga ƙasa. Shokazoba ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa shi ne ya hana sifirin ci gaba da lilo bayan an taka rami. Mutane da yawa suna juya wannan, shi ya sa za ka ga mota ta zauna ta baya, mai ita ya canza shok har sau biyu, ba ta tashi ba.

Tazarar da kake gani tsakanin saman taya da bodi ba sakaci ba ne daga kamfani. Filin aikin taya ne. Duk lokacin da ta hau dutse ko tudu, cikin wannan fili take shigewa don kada bugun ya isa ga bodi da mutanen da ke ciki. Wanda ya diro daga katanga ya lanƙwasa gwiwa lafiya yake tashi. Wanda ya diro da ƙafa a sanƙare, har ƙwaƙwalwa zai ji. Idan filin ya ƙare, akwai wata 'yar roba a jikin shok da ke tare bugun ƙarshe. Daga wannan roba sai ƙarfe ya haɗu da ƙarfe.

Akwai kuma tazara ta biyu, wadda ke tsakanin cikin mota da ƙasa. Ƙananan motocin da suka cika garin nan, irin su Corolla, Camry, Civic da Accord, galibi suna fitowa daga kamfani da santimita 13 zuwa 16. Hilux da ire-irenta sun haura 20. Sauke mota yana cin waɗannan tazarori biyu a lokaci guda, kuma duk sauran bayanin daga nan ya taso.

Hanyoyin saukewa ba ɗaya ba ne

Hanyar da ta dace ita ce sayen sifirin da aka ƙera don wannan mota takamaimai. Kamfanoni irin su Eibach da H&R na Jamus da Tein na Japan sun yi suna a kansa. Irin wannan sifiri ya fi na asali gajarta, amma ya fi shi tauri, don kada motar ta cinye ɗan filin da ya rage mata da wuri. Da yawansu an naɗa su ne yadda za su yi laushi da farko, su ƙara tauri yayin da ake danne su. Masu matsakaicin saukewa suna rage santimita 2 da rabi zuwa 4. Akwai masu kaiwa 5 ko fiye. Sama da wannan a tsada akwai koyiloba, wato sifiri da shok a haɗe masu zaren da ake murzawa a ɗaga ko a sauke, sai kuma mai jakar iska da ake sarrafawa da maɓalli.

To amma ba wannan ne mafi yawan mutanenmu ke yi ba. Abin da aka fi ji shi ne: "Maigida, ba sai ka kashe kuɗi ba, zagaye ɗaya za mu cire, za ta zauna." A nan ne matsalar take, kuma ya kamata a fahimci dalilin.

Taurin sifiri yana da alaƙa da yawan zagayen da ke aiki a jikinsa. A ce zagaye shida ne, aka datse ɗaya. Taurinsa zai ƙaru da kashi 20 cikin 100. Bakanike zai ce ai ka gani, ya ma ƙara ƙarfi. Gaskiya ne ya ƙaru, sai dai bai kai abin da aka rasa ba. Idan tayar tana da filin santimita 8 da za ta shige kafin ta daki robar ƙarshe, aka sauke motar da 4, rabin filin ya tafi. Kafin motar ta ɗauki lodin da take ɗauka a da ba tare da ta daki roba ba, sai taurin ya ninka sau biyu. Kashi 20 ba zai cike wannan giɓi ba. Shi ya sa motar da aka yanke wa sifiri take yin "gum" a ramin da a da ba a ma jin sa.

Ban da haka, ƙarshen sifiri an lanƙwasa shi ne ya dace da mazauninsa. Idan aka datse, ba ya zama daidai, yana gogar kwanon da yake kai, kuma da yake ya gajarce, idan taya ta saki gaba ɗaya, kamar lokacin da mota ta yi tsalle a kan tudu, yana iya gocewa daga mazauni. Sifirin da ya goce yana iya yaga taya ta ciki. Da wuya kuma a datse na hagu da na dama su zo daidai.

Mafi muni shi ne gasa sifiri da wutar walda har ya yi ja motar ta zauna. Ƙarfen sifiri an dafa shi ne a masana'anta da wani ma'aunin zafi da ya ba shi halin komawa yadda yake. Wutar walda tana kashe wannan hali. Wurin da aka gasa zai ci gaba da lotsawa, wata rana kuma ya karye ba sallama. Ni dai ban ga wani uzuri da zai halatta wannan a motar da za ta ɗauki rai ba.

Daga ina al'adar ta zo?

Tushe biyu gare ta. Na farko tseren motoci, inda ake kwantar da mota don ta ci kwana da gudu a filin da aka shimfiɗa sumul. Na biyu ado ne tsantsa: 'yan asalin Meziko mazauna Los Anjalis a Amurka sun shahara da shi tun shekarun 1940. Har jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1958 da ta hana kowane sashe na mota ya yi ƙasa da gindin rim, masu yi suka koma sa na'urar da ke ɗaga mota da sauke ta, kuma sai a 2023 aka soke dokar.

Mu kuwa tarihinmu akasin haka ne. Fijo 504 da kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a tsakiyar shekarun 1970 ba don kyau ta mamaye Arewa ba. Ƙafarta ce mai dogon fili da laushi, da cikinta da ya yi nesa da ƙasa. Ita ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. Motocin da suka maye gurbinta, 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano, an tsara su ne don titunan Turai da Amurka, sun kuma iso mana bayan shekara goma ko fiye da aiki, sifirinsu ya riga ya gaji. Wato da yawa daga motocin da ake son saukewa sun riga sun sauka da kansu.

Inda masu yi suke da gaskiya

Ba daidai ba ne a ce babu amfani ko kaɗan. Idan mota ta sauka, cibiyar nauyinta ta sauka, don haka nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana ya ragu. Sifiri mai tauri yana rage kwanciyar bodi, yana rage dungurawar gaba idan an taka burki, sitiyari ya ƙara jin magana. Wanda ya sa sifiri na ƙwarai da shok ɗin da ya dace da shi, ya hau sabuwar kwalta, zai ji bambanci na gaske. Cikin garin Gombe kuma an samu tituna masu kyau a shekarun nan, ba a musun wannan. Kyan gani ma hujja ce. Mutum da kuɗinsa yana da damar son motarsa ta burge.

Sai dai amfanin yana da sharaɗi biyu. Na ɗaya, kada a wuce gona da iri. A motoci irin Corolla da Camry, lowa-am, wato ƙarfen da ke haɗa taya da bodi ta ƙasa, an tsara shi ya kwanta kusan a miƙe. Idan aka sauke da yawa, ɓangarensa na jikin bodi yana yin ƙasa da na wajen taya, wannan karkata kuwa tana sa motar ta ƙara son kwanciya a kwana, sitiyari kuma ya riƙa fizga da kansa idan an taka gargada. Na biyu, titin ya zama sumul. A kan gargada, ƙafa mai tauri tana sa taya tsalle, tayar da ke iska kuwa ba ta burki ba ta kwana. A irin wannan hanya motar da ba a taɓa ba ta fi tsayawa da wuri.

Batun mai kuma, kada a sa rai. Iska tana fara cin mai sosai ne a babban gudu, domin turjiyarta tana ninkawa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Wanda ke yawo tsakanin Jekadafari da Tumfure a kilomita 40 ko 50 ba zai ga komai a aljihunsa ba. Idan ma saitin taya ya ɓaci sanadiyyar saukewar, ƙarin mai zai sha. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ke neman dabara, amma wannan ba ta cikinsu.

Lissafin santimita a titin Gombe

Mu ɗauki mota mai tazarar santimita 14, a sauke ta da 4. Saura 10, kuma wannan babu kowa a ciki. Yanzu a zuba mata abin da motar gida take ɗauka a garin nan: maigida da uwargida, yara a baya, wata gwaggo da za a rage wa hanya, ga buhun masara a but. Za ta ƙara zama da wasu santimitoci. Idan an mayar da motar mai amfani da gas, tukunyar ƙarfen da ke but kaɗai tana iya kai nauyin babban mutum, kuma ba ta sauka.

Tudun rage gudu da injiniya ya auna yakan kai santimita 7 da rabi zuwa 10. Waɗanda 'yan unguwa ke yi da kansu bayan an kaɗe yaro, da siminti ko ƙasa ko kututture, babu mai auna su. Kuma tsawon mota yana ƙara dagula lissafin: tsakanin tayar gaba da ta baya a Camry ta 2007 ya kusa mita 2 da santimita 80, don haka idan tayar gaba ta sauka daga tudu ta baya ba ta hau ba, tsakiyar cikin motar ne ke saman tudun. Haka gangaren ƙofar gida da aka ɗora a kan kwata. A nan bamba ke fara tafiya.

Me ke ƙarƙashin? Kaskon baƙin mai, wanda a motoci da yawa na zamani na alminiyam ne, ba ya lotsawa sai dai ya tsage. Idan ya tsage a kan hanya direba bai lura da jar fitila ba, 'yan mintuna sun isa inji ya buga. Ga salansa, ga indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikinta, wadda kowa ya san tsadarta, ga gindin lagireto, ga bututun mai da na burki.

Gombe kuma gari ne da ke cikin kwari. Da damina, musamman a Agusta, ruwa yana gangarowa daga tudun yamma ya ratsa unguwanni, ya kwaso yashi ya zube a kwalta, ya zaizaye layukan da ba a shimfiɗa ba. Layin da ka bi lafiya da rani a Bolari ko Pantami yana iya zama wani abu dabam bayan ruwa biyu. Santimita 4 da aka rage ta kusantar da bakin shaƙar iskar inji ga ruwa da santimita 4, injin da ya shaƙi ruwa kuwa sai an sauke shi.

Sannan wa ke da motar da ba ta fita gari? Akwai biki a Kumo, ta'aziyya a Dukku, zuwa Bauchi ta Alkaleri kimanin kilomita 150, ko hanyar Kaltungo zuwa Yola. A hanyar Bajoga da Ashaka, inda tireloli ke jigilar siminti, nauyi yakan lotsa kwalta a sawun taya ya bar tudu a tsakiya, daidai inda kaskon mai yake bi. Direbobin haya sun san wannan, shi ya sa su ɗaga mota suke yi, su sa roba a kan sifiri ko su ƙara ganye a na baya. Wannan ma yana da nasa haɗarin idan ya yi yawa, domin mota mai tsayi da lodi a sama ta fi saurin kifewa, amma aƙalla hanya ce ta koya musu, ba bidiyo ba.

Kuɗin da ke biyo baya

Kuɗin sifiri shi ne ƙarami. Shok na asali an yi shi ne ya yi aiki a tsakiyar tafiyarsa. Idan aka sauke mota, kullum a danne yake, ga shi yana kokawa da sifirin da ya fi ƙarfinsa. Idan dama tsoho ne, ba ya daɗewa zai fara yoyo. Shi ya sa kamfanoni irin Bilstein da Koni suke yin shok na musamman don motocin da aka sauke, kuma kuɗinsu yakan fi na sifirin.

Sai taya. Saukewa tana sa saman taya ya karkata ciki, tana kuma canza inda tayoyin suke fuskanta. Na biyun ne ya fi cin taya. Ta waje za ka gan ta da sauran zane, ta ciki kuwa waya ta fito, kuma ba a gani sai an leƙa. A zafin Maris da Afrilu, a kan doguwar hanya, irin wannan taya ce ke fashewa. Mafi yawan masu saukewa kuma suna haɗawa da babban rim da siririyar taya. Taya mai lamba 205/55 a rim 16 tana da gefen kusan santimita 11. Mai 225/40 a rim 18 tana da 9. An rage filin sifiri, an kuma rage na taya, sai rim ya karɓi dukan. Bushin, bol-join da kan shaf duk suna aiki a karkacen da ba a tsara musu ba. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Waɗanda abin ya shafa ba da shawararsu ba

Direba yana riƙe da sitiyari, ya san lokacin da bugu zai zo. Tsohuwa mai ciwon baya da ke kujerar baya ba ta sani ba, haka mai juna biyu da ake kaiwa asibiti da dare. Akwai kuma sauran masu titi: motar da aka sauke sosai ba ta hawa tudu kai tsaye, sai ta karkace ta ci hannun wani, ko ta ja burki kwatsam mai Keke Napep na biye da ita. Idan gaba da baya ba su sauka daidai ba, fitila ma takan koma haska idon mai tahowa.

A Jamus sai sifirin yana da takardar amincewa, a lokuta da dama kuma sai masu binciken lafiyar motoci na TÜV sun duba aikin. A Japan motar da tazararta ta gaza santimita 9 ba ta cin jarrabawar hawa titi. A garejinmu babu mai tambayar takarda kafin ya kunna giranda, don haka nauyin yana wuyan mai mota da bakanikensa. Mai cikakkiyar inshora kuma ya sanar da kamfaninsa, domin canjin da aka ɓoye yana iya zama hujjar jayayya ranar biyan diyya.

Idan an dage sai an yi

A fara da awo, ba da sayayya ba. A loda motar yadda aka saba, a sa tef a auna daga ƙasa zuwa wurin da ya fi kusa da ƙasa a cikinta, a auna tudun da ya fi tsayi a hanyar gida da gangaren ƙofa. Idan lissafin bai bar rarar santimita uku ko huɗu ba bayan saukewa, magana ta ƙare. A ganina, ga motar da ke zaune a Gombe, duk abin da ya wuce santimita 3 neman rigima ne.

A sayi sifirin da lambarsa ta dace da samfurin motar da shekararta da injinta, domin mai silinda shida ta fi mai huɗu nauyi a gaba. Lambar tana rubuce a jikin ƙarfen. Ko daga Ƙofar Ruwa a Kano aka aiko ko daga Ladipo a Legas, a duba ta a shafin kamfanin, don jan fenti ba shi ne shaida ba. A canza huɗun tare. A ɗaure kusoshin bushin bayan an sauke motar daga jek nauyinta na kan taya, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. A yi saitin taya a na'ura, a sake dubawa bayan mako ɗaya ko biyu idan sifirin ya gama zama, a gyara saitin fitila. Kuma don Allah, oga ya tanadi abin matse sifiri na gaskiya. Sifirin da ke danne a jikin shok yana riƙe da ƙarfin da zai iya fasa fuskar yaron gareji, igiya da waya ba su isa su riƙe shi ba. Tsofaffin sifirin a adana su, ranar sayarwa za a neme su.

Mai sayen mota ta hannu shi ma ya buɗe ido, domin motocin da aka yanke wa sifiri kasuwa suke komawa. A ajiye ta a fili mai daidai a gwada tazarar taya da bodi a hagu da dama. A ɗaga ta a jek: sifirin da ke motsi da hannu idan taya ta saki, ko mai ƙarshe mai kaifi da sabon sara, ko mai tabon ƙuna da tsatsa a zagaye ɗaya, an taɓa shi. A shafa gefen taya na ciki, a leƙa kaskon mai ko akwai faci ko sabon gam. Idan an ga ɗaya daga ciki, a cire kuɗin sifiri huɗu, shok huɗu da saitin taya daga farashin kafin a yi sallama.